Muryar Dorah

Johannesburg,
Watan Maris.

Zuwa ga matata Nolufefe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya jikin Mama? Hannun ya fara motsi? Tana iya haɗiye abinci? Ke kuma kina samun barci, ko kin mai da kanki nas ɗin da ba ta tashi daga aiki? Allah ya ba ta sauƙi. Tunda waya ba ta kamawa a ƙauyenku sai an hau tudu, zan riƙa aiko da takarda ta hannun Sista Bulelwa ta asibitin Cofimvaba, kamar yadda kika ce.

Ni dai jikina ƙalau, zama ne ya gagare ni. Tun da kika tafi na juya gadon nan ya kalli taga, na sake mayar da shi, na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Na samu aiki. Kamfanin da nake karanta wa littattafan saurare sun ba ni wani labari na Zulanci. Wata tsohuwa ce ta rubuta shi, Gogo Shabangu, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗinki a masana'antar tufafi. Labarin mata biyu ne, Lindeni da Dorah, da suka haɗu a wajen ɗinki, suka kama ɗaki ɗaya a bayan wani gida a Meadowlands, suna ce wa mutane su 'yan'uwa ne. Kin san tsawon lokacin da na yi ina karanta tallan inshora da littattafan yadda ake yin arziki, ina jiran a miƙo mini labarin da zan ga irinmu a ciki. Ciwon sukari ya cinye idon Gogo kafin a buga littafin, ko shafi ɗaya ba ta gani ba. Ta ce da kunne za ta karɓi abinta, don haka za ta riƙa zuwa ɗakin naɗar murya ta zauna. Mpendulo mai kula da na'ura tuni ya fara ƙorafi.

Fefe, kin ce kada in zo tukuna, na ji. Na san a gidanku sunana "ƙawar Fefe ta birni", na kuma san halin Yaya Mzwandile. Amma a gaban hukuma da shaidu muka sa hannu, kuma uwar matata ce a kwance. Har yaushe ne tukunan?

Ki gai da Mama ko da a ranki ne.

Taki,
Keabetswe.

Johannesburg,
Watan Afrilu.

Abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da ya mai jiki. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara zama a kujera. Ki kula da bayanki wajen ɗaga ta.

Aikin nan zai kashe ni. In tsuntsaye ba su yi ihu a kan rufi ba, an ɗauke wuta, in an kawo wuta cikina ya yi ƙugi makirfo ya ɗauka. Duk wannan mai sauƙi ne a kan Gogo. Ranar farko ta ce Zulancina na 'yan Pretoria ne, wai ina tauna shi kamar ƙashin kaza. Muryar Lindeni ba ta da magana a kai, amma da zarar Dorah ta buɗe baki sai ta buga sandarta a ƙasa. "Ke yarinya, wa ya ce miki matar fasto na rubuta? Dorah taba take sha, shugaban masana'anta ma zaginsa take yi a gabansa. Ke kuma kina lallaɓa ta kamar ƙwai."

Na gwada da kauri, ta ce na zama direban tasi. Na gwada da dariya, ta ce na zama mashayiya. Na shiga yawo a tashar mota ina sauraren mata masu sayar da tuwon masara da nama, ina kwaikwayonsu a hanya, har wata ta tambaye ni ko lafiya.

Sai jiya muka zo babin da Dorah ta kamu da ciwon ƙirji, za ta koma garinsu, tana ce wa Lindeni kada ta biyo ta sai ta shirya mutanen gida. Ban yi niyya ba, Fefe. Na buɗe baki sai muryarki ta fito, irin wadda kika yi mini a tasha kina gyara mini wuyan riga, ƙasa-ƙasa, da sauri, don kada in samu wurin musu. Sanda ba ta bugu ba. Na leƙa ta gilashi na ga Gogo ta cire abin kunnen ta riƙe a cinya. Can ta ce, "Ita ce. Ina kika samo ta?" Na ce a tashar mota.

Yanzu kullum da muryarki nake aiki, in dawo gida in tarar babu mai ita. Ban san ko za ki ji haushi ba. Ni kam ina ji, ban san na wa ba.

Matarki,
Kea.

Johannesburg,
Ƙarshen Afrilu.

Nolufefe,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan Mama na ƙara samun ƙarfi. Takardarki ta iso. Kin ce ina ƙara miki kaya a kan kaya, in bari Mama ta miƙe kafin a tayar da magana. Na karanta a tsaye, na fita na zaga unguwa har ƙafata ta yi ciwo.

Gogo ta kwana biyu ba ta zo ba, ƙafafunta sun kumbura, sai na bi ta gida da abin da muka naɗa. Ɗaki ne ƙarami, keken ɗinkin na nan a rufe da zane. Ta sa na dafa mana shayi, muna sha ta ce mini Dorah ba ƙirƙira ba ce, sunanta na gaskiya Mirriam. Komai na littafin ya faru, ban da babin ƙarshe. A littafi Lindeni ta hau jirgin ƙasa ta je, ta yi jinya, Dorah ta warke, sun tsufa tare suna faɗa a kan gishirin miya. A gaske Gogo ta yi biyayya ta zauna jira. Wata abokiyar aikinsu ce ta gaya mata a bakin ƙofar masana'anta cewa an riga an binne Mirriam.

Ban san lokacin da na zazzage mata labarinmu ba. Na zaci za ta ce in tashi in tafi. Sai ta ce, "'Yata, ni ba mai ba da shawara ba ce. Da na je, wataƙila karnuka za su sakar mini, wataƙila ita kanta ta tsane ni don na tona mata asiri tana kwance. Shekara da shekaru ina juya abin, ban san wanne ne daidai ba. A takarda ne kawai jirgi ba ya makara."

Na san ba ke ce marar lafiya ba, na san Mama na samun sauƙi. Duk da haka na kasa karanta babin ƙarshen. Ina zuwa inda Lindeni ta sauka daga jirgi sai in ajiye takardar. Mpendulo ya ce in je in huta, kamar hutu abu ne da na san inda ake samunsa.

Taki duk da haka,
Kea.

Johannesburg,
Watan Mayu.

Matata,

Ina fatan kun tashi lafiya ke da Mama. Wannan gajeriya ce.

Na gama littafin. Gogo ta sa an kawo ta, ta ce in daina tausaya mata, in karanta kamar ya faru, don ita ma tana so ta ji yadda abin yake. Haka na yi. Da muka ƙare ta nemi a sake sa mata wurin faɗan gishiri, ta yi ta dariya tana share ido.

Fefe, ina zuwa. Ban nemi izini ba don na san amsar. Ba zan hau ƙauye ba, Sista Bulelwa ta ba ni ɗaki a gari. Ranar da kuke kawo Mama gashin ƙashi zan zauna a bencin gaban asibiti. In kin wuce ni ba zan kira sunanki ba, zan koma yadda na zo. Amma ki wuce ni kina kallona, na gaji da jin ki a bakina kawai.

Keabetswe.

Cofimvaba,
Watan Yuni.

Zuwa ga Gogo Shabangu,

Gaisuwa ta girmamawa da fatan ƙafafun sun sace. Kina shan maganin kuwa? Na san maƙwabciyarki Mama Sibeko ce za ta karanta miki wannan, ina gaishe ta, kuma ki yi mata sauƙi da sandar nan.

Kin ce in gaya miki gaskiya, kada in gyara ƙarshe. To, Fefe ta gan ni a benci. Ta tsaya tana tura keken Mama, fuskarta ta ɗaure tamau. Yayanta ya kalle ni ya kalli sama. Ta zo dab da ni ta ce, "Kunnen ƙashi gare ki." Sai ta sauke jakar Mama daga kafaɗarta ta rataya mini. Na bi su a baya har cikin mota, ba wanda ya ce in shiga, ba wanda ya ce in sauka.

A gari nake kwana har yanzu. Kullum da safe nake hawa ƙauyen, in taya Fefe wankan Mama da juya ta. Ina shiga Yaya Mzwandile ke ficewa wajen shanu. Fefe ba ta huce ba, ta ce na ƙwace mata abin da ita ya kamata ta faɗa da bakinta, kuma tana da gaskiya. Ban san yadda za mu ƙare da wannan ba.

Ranar Lahadi matan coci suka zo dubiya, ɗaki ya cika. Mama ba ta iya magana sosai, bakinta ya karkace, amma ta ɗaga hannu mai lafiyar ta nuna ni, ta nuna madafa. Kin san a nan matar ɗa ce ke kai wa baƙi shayi. Na ɗauka ban gane ba, sai ta sake nunawa da tsawa a ido. Na dafa na kawo a tire. Wata gwaggo ta karɓi kofi ta ce, "Wannan kuma 'yar wace ce?" Duk suka juyo suna kallona. Fefe ta buɗe baki, Mama ta riga ta. Da ƙyar kalmomin suka fito, amma kowa ya ji: "Ta nan gidan ce. Sha shayinki."

Gwaggon ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce ya yi ruwa. Gobe zan ƙara ganye.

'Yarki,
Keabetswe.