Kwalbar Ruwan Kwarinmu

Zuwa ga mahaifina, Malam Gambo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uba, da roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, ina sanar da kai cewa jibi Alhamis zan tsaya gaban kwamitin iyayen yara na lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa a nan Gure. Ƙanenka, Baffa Mamman, shi ne shugaban kwamitin. Baba, tsoro nake ji.

Ka tuna tafkin kanwa na kwarinmu a Gidigir? Ina 'yar shekara takwas na toshe hanci saboda warin koriyar gansakukar da ta rufe shi. Ka ɗebo ruwan a tafin hannunka ka ce, "Kada ki raina shi, Hadiza. Yana da rai, idonki ne bai kai ba." Kai da ba ka taɓa shiga aji ba, da launin ruwan kake gane lokacin kwasar kanwa.

Makon jiya na ɗebo ruwan nan a kwalba, na kai aji, na ɗiga shi ƙarƙashin mikroskop, madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ɗalibai suka ga 'yan halittu na yawo, aji ya kaure. Na faɗa musu abin da masu bincike suka gano: sama da shekara miliyar uku, wato miliyan dubu uku, da suka wuce, rai ya fara a ruwa, da ƙananan halittu irin waɗannan. Babu bishiya, babu raƙumi, babu ma iskar da muke shaƙa, sai da korayen nan suka yi ta fitar da ita. Daɗi ya kwashe ni, ka san bakina, na ce, "To, ku gaida magabatanku."

A garin da ake tambayar asalin mutum kafin a tambayi lafiyarsa! Kafin la'asar magana ta kai kasuwa: ɗiyar Gambo mai kanwa ta ce kakannin mutane ƙazantar tafki ne.

Baffa ya zo gidana, ya ƙi zama a tabarma. Ya ce ko in tashi gaban iyaye in ce darasin duka ƙarya ne, ko su rubuta wa sufeton makarantu a ɗauke ni daga Gure. Ya ce na zubar da sunanka. Wannan ce ta fi yi min ciwo.

Barkwancin kam kuskurena ne, zan nemi gafara kansa ba tare da gardama ba. Amma darasin, Baba? Ina sallata, na san Wanda Ya yi halitta, kuma duban ƙanƙantar abin nan bai rage min imani ba, ƙara min ya yi. In na ce ƙarya ne, kai na fara ƙaryatawa.

Kwalbar na kan tagata yanzu. Rana ta doke ta, 'yan kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Jibi zan ɗauke ta tare da mikroskop. Zan roƙi Baffa ya sunkuya ya duba sau ɗaya kafin ya sa hannu a takardar. Zan ce masa ruwan tafkin yayansa ne.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya zuciyar ƙanenka, Ya tsare min harshena ranar Alhamis.

Ɗiyarka mai toshe hanci,
Hadiza