Baƙar Wayar da ke Ƙarƙashin Kunkuru

Ni Barnabas Diergaardt na Rehoboth, da hannuna na rubuta wannan. Ƙafafu sun ƙi, numfashi yana gardama, amma kaina garau yake, kada wani ya ce tsufa ne ke magana. Zuwa gare ku 'ya'yana, Marlise da Tertius.

Na ɗaya. Gida da awaki na Marlise ne, ita ta yi jinyata. Kunkuru kuwa, motar nan mai gado da murhu da firji da muke zuwa bakin teku da ita, taku ce ku biyu. Ban yarda a sayar ba.

Na biyu. Batir biyu gare ta: na tayar da inji, da na ɗaki mai riƙe fitilu da firji. In fitila ta dushe, kada ku yi saurin zagin batir. Ku duba fis, ku goge farin garin da ke taruwa a kawunan batir, sannan ku auna da mita. Marlise, mitar tana cikin gwangwanin biskit ɗin mahaifiyarku, wanda kika ɗauka zare da allura ne a ciki.

Na uku, kuma dominsa na ɗauki biro. Tertius, shekara shida ke nan ba ka tako gidan nan ba. A tafiyarmu ta ƙarshe zuwa bakin tekun Henties Bay firji ya mutu a hanya, zafi ya lalata allurar ciwon sukarin mahaifiyarku, muka juyo ba ta ga teku ba. Ba ta sake samun lafiyar tafiya ba har ta rasu. Kai ka ɗora wa motar faifan sola a satin, sai na ɗora maka laifin. A gaban yayarka na ce, "Hannun nan naka bai taɓa gyara komai ba." Ka ce, "Baba, ka dai duba wayar ƙasa." Na ce, "Ni za ka koya wa waya? Yaushe aka haife ka?" Ka ɗauki jakarka ka fita.

Bara na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin motar. Wayar ƙasar nan, baƙar wayar da ke komar da wuta jikin ƙarfen motar, ni na ɗaure ta a kan fenti ban kankare ba, iskar gishiri kuma ta cinye notin da tsatsa. Batir a cike, wuta ba hanyar komawa. Aikinka lafiya lau yake. Na gani da idona, na yi shiru shekara guda saboda girman kai. Ina jin kunya, ɗana. Ka yafe mini.

Na huɗu. Marlise, haushin da kike ji na ƙaninki, daga bakina kika ɗauka. Ki ajiye shi yau, ki kira Tertius da kanki.

Na biyar. Ban gyara wayar ba, kuma kada a kira bakanike. Tertius zai kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ya ɗaure sabon noti. Marlise ta riƙe mita. In firji ya tashi, ku sa malafar mahaifiyarku a kujerar gaba, ku kai ta Henties Bay a Disamba. Ko za ku yi faɗa a hanya, ku yi shi a mota ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya raya 'ya'yanku, ya hana wani ya shiga tsakaninku kamar yadda na shiga. Ku riƙe juna.

Tertius, sifanar ɗaure noti mai lamba goma sha uku tana kan kujerar direba. Tun bara take jiranka.