Wata Bakwai Ina Shirin Fasa Masa Baki

Malama, ki taimake ni da shawara kafin in ji wa wani ciwo, ko in ji wa kaina. Ni ɗan kasuwa ne, tukwane da kwanuka nake sayarwa, shekarata hamsin da huɗu. A ciniki ba a taɓa kayar da ni ba, zan iya sayar miki da murfi ki dawo gobe neman tukunyarsa. Amma bara maƙwabcin shagona, mai sayar da tayoyi, ya kayar da ni a gaban jama'a.

Ya jibge tayoyi har bakin ƙofata, na yi magana ya share ni, sai na sa ƙafa na ture guda. Ya ɗauke ni da mari. Na kai masa naushi ya wuce ta gefen kunnensa, tumbina ya ja ni na bi naushin har ƙasa. Ya hau ruwan cikina ya yi ta kirɓa, haƙorina na gaba ya fita, jini ya cika mini baki, numfashi ya ƙi fita. Duk a idon babbar 'yata da ta kawo mini abincin rana. Ita ta tsinto haƙorin a cikin ƙasa.

Manyan layinmu suka sasanta mu. Na miƙa masa hannu har da murmushi, irin wanda nake yi wa mai taya kaya da rainin wayo. A zuciyata kuwa na rantse sai na zubar masa da haƙora uku.

Washegari da asuba na fita filin ƙwallon unguwa. Zagaye ɗaya na yi na zauna ina haki, har wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni. Ban fasa ba. Tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Na cika gwangwani biyu da siminti ina ɗagawa, na rataye buhun yashi a bayan gida, kullum ina dukansa daidai inda haɓar mutumin za ta kasance. Uwargida ta ɗauka tsoron mutuwa ne ya kama ni, na bar ta a haka.

Abin da ban nema ba shi ya fara zuwa. Likita ya rage mini maganin hawan jini, sukari ya sauka, na daina tsayawa a tsakiyar matakala ina yi kamar waya nake dubawa. Tela ya rage mini wanduna sau biyu.

Da wata bakwai suka cika, na tsayar da rana. Na iso kasuwa na tarar da shagonsa a kulle. Wai ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Na je asibiti, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ba dubiya ta kai ni ba. Na same shi baki a karkace, miyau na zuba, matarsa na goge masa. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya yana ƙoƙarin magana. Ni kuwa idona na kan haɓarsa, ɗaya hannun a dunƙule cikin aljihu.

Yau kwana goma sha biyu ban taka filin nan ba, don ban ga wanda zan yi wa gudun ba. Buhun na dake shi har ya yage, fatar yatsuna ta saɓule. Shekaranjiya don gishiri ya yi yawa a miya na jefi bango da faranti, ya wuce kan uwargida da kaɗan. Ciwon ƙeyar da hawan jini ke sa ni ya dawo. Ina zan kai wannan hannu, Malama?

Mai Giɓi

Malam Mai Giɓi, farantin nan shi ne gaba da komai. Yau ɗin nan ka zaunar da uwargida ka ba ta haƙuri, ka gaya mata abin da ka gaya mini. Wata bakwai tana murna mijinta na neman lafiya, bai kamata ta zama ita ce za ta karɓi dukan wani ba. Duk lokacin da ka ji hannunka na dunƙulewa a cikin gida, fita ka zaga unguwa har sai ya saki. Ciwon ƙeyar kuma kada ka yi masa ciniki, ka je a auna jininka cikin satin nan, ka faɗa wa likita cewa fushi na neman fin ƙarfinka.

An wulaƙanta ka a gaban 'yarka, ba zan ce abin wasa ba ne. Sai dai kai ka fara sa ƙafa, kuma da ranarka ta yi yadda ka tsara, da yanzu daga hannun hukuma kake rubuto mini, 'yar taka na kai maka abinci can.

Kai da ka san riba, duba abin da ka samu. Ka fita neman haƙora uku, ka dawo da numfashi, da jini mai sauƙi, da ƙafar da ke hawa bene. Zuciyarka da jijiyoyinka ba su san don wa kake gudu ba, aikinsu kawai suka karɓa. Motsa jiki a kai a kai yana rage haɗarin irin ciwon da ya kwantar da maƙwabcinka, kuma zaman shagonku ɗaya. Gadon da ka tsaya a kansa kana auna haɓa, kai ma ba ka fi ƙarfinsa ba.

Ba zan tilasta maka abota da shi ba. In ba za ka iya zuwa da hannu a buɗe ba, yi masa addu'a daga nesa. Amma gobe ka koma fili, ko da tafiyar rabin awa ce, kuma ka nemi abokin tafiya wanda zai buga maka ƙofa ranar da ka ji ƙyuya, don ƙiyayya ta gama nata aikin, ba za ta ƙara tashinka da asuba ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba shi lafiya, ya ja da ranka.