Gurbin Baba a Ƙasan Hoton Jirgi

Bani Malik, Jidda
4 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Boubacar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Safia da yara. Yaya Maradi, yaya kasuwa? Mu ma nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Maigidana Abdulghani yana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon kira. Gidan da muka koma ɗaki biyu ne, Baba kuwa duk da tsufansa kunnensa ya fi nawa. Ba na so ya ji wannan magana.

Yaya, ina jin kan Baba ya taɓu. Kullum bayan asuba sai ya bi tsakiyar titi, kansa a sunkuye, yana tsintar ƙusa da noti da tsakuwa da murfin kwalba. Gwangwanin madara bakwai ya cika, yana cikin na takwas. A tsohuwar unguwarmu Karantina ma yana yi kafin a rushe ta, amma can kowa ya san shi, ana ce masa Bawa Mai Tsintuwa a yi dariya a wuce. Nan ba wanda ya san mu. Makon jiya hannu ya ɗaga ya tsayar da motar wani mutum don ya ɗauke dutse, saura ƙiris a take shi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wata guda da ya wuce wani ya riƙa kiran wayarsa, wai sunansa Nawaf. Baba ya ce mini ana nemansa ya je ya sa hannu a takardu, domin jirginsa zai yi tashin bankwana. Jirginsa fa, Yaya. Mutumin da ni da kai muka sani ɗan shara ne a wani kamfani can wajen filin jirgin sojoji, shekara ashirin da tara, ko keke bai taɓa mallaka ba. Ka san yadda 'yan damfara ke bin tsofaffi da zancen sa hannu. Na karɓe wayar, na toshe lambar, na ɓoye wayar cikin buhun shinkafa.

Ranar Alhamis ɗin nan na tashi na same shi ya sa farar rigar sallarsa, ya ɗora tsohuwar falmaran ɗin aikinsa mai ruwan lemo a kai, yana neman takalmi. Na lallashe shi ya ƙi, na yi faɗa ya ƙi. Ni kuma dole in tafi makarantar da nake aiki. Sai na kulle ƙofa ta waje na tafi da makulli. Da hantsi kuwa wani jirgi ya ratsa ta gefen teku da ƙara har tagogin aji suna kaɗawa, ban kawo komai a raina ba. Da na dawo na tarar da shi zaune a bayan ƙofa, takalmi a ƙafa, bai ci abincin da na ajiye ba. Tun ranar bai sake ce mini uffan ba.

Na gaji, ina kuma tsoron ranar da mota za ta kawo mini gawarsa. Mun yi shawara, Abdulghani tunda shi ne kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan, zai fitar masa da takardar fita ta ƙarshe, wadda in an tafi halas, ba dawowa. Ka gyara masa ɗakin zaure. Kai ne babba, ka karɓi rabonka na hidima.

Ƙanwarka,
Salamatou


19 ga Rajab

Yaya Boubacar,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Takardar fita ta fito ranar Litinin. Ranar Talata Abdulghani ya dawo daga shagonsu na saka hotuna a firam tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba, riƙe da wata doguwar takarda a naɗe. Wani ne ya kawo a saka masa a gilashi. Ya shimfiɗa ta a kan gado, ya ce in duba.

Hoton jirgin yaƙi ne, ruwan toka, ya karkata a kan teku, ga Jidda can ƙasa. Abdulghani ya ce sojoji sun yi wa jirgin ritaya, shi ne aka buga irin wannan hoto guda ɗari biyu da hamsin kacal don tunawa da tashinsa na ƙarshe. Kowane da lambarsa da fensir a gefe, masu sha'awa kuma rububinsa suke yi saboda sa hannun da ke jiki. A ƙasan hoton akwai gurbi goma, kowane da suna a buge. Tara an sa hannu, duk matuƙa ne. Na goman fili ne fari tas. Sunan da ke ƙarƙashinsa: Bawa Othman, mai tsaron hanyar jirgi.

Na karanta sau uku. Na shiga kicin na zazzage shinkafar nan a ƙasa, na ciro wayar, na kira lambar da na toshe.

Washegari Nawaf ya zo da kansa. Dattijo ne mai furfura, tsohon matuƙi, ya hau benenmu hawa uku yana haki. Da ya ga Baba sai ya rungume shi ya sumbaci goshinsa, yana ta kiran Ammi Bawa, wato Baffa Bawa. Ni da na kawo gahawa ban san lokacin da na zubar da rabi a tire ba.

Shi ya ba ni labarin da ubanmu bai taɓa ba mu ba, don an hana su zancen aiki a waje, shi kuma ka san shi da riƙe amana. Ashe injin jirgin nan iska yake zuƙa da ƙarfin tsiya, duk abin da ke ƙasa haɗiye shi yake. Ƙusa ɗaya ta isa ta tarwatsa inji, ta kashe mutum. Aikin Baba shi ne ya taka hanyar nan da ƙafa kowace safiya, kai a sunkuye, kafin kowa ya tashi. Wata rana Nawaf yana saurayi, ya kunna inji zai tashi, Baba ya hango noti a gabansa, ya ruga tsakiyar hanya yana ɗaga hannu. Saura kaɗan a kori Baba daga aiki a kan haka, sai da aka ga notin. Nawaf ya ce 'ya'yansa huɗu duk bayan ranar aka haife su.

Matuƙan su suka ce ba za su sa hannu ba sai an buga sunan Baba. Ranar bankwana sun ajiye masa kujera a sahun gaba. Sun jinkirta tashi minti ashirin suna jiransa. Da bai zo ba, wayarsa kuma ba ta shiga, sai suka ɗauka ya rasu, suka bar gurbin fari don girmamawa.

Nawaf ya tambayi Baba me ya hana shi zuwa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya ce ƙafarsa ce ta yi ciwo. Ko kallona bai yi ba.

Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni ba rashin sani kaɗai ba ne. Ya faɗa mini da bakinsa, ni ce na ga ɗan shara bai isa a neme shi ba. Na ce wa Abdulghani gobe ya soke takardar nan. Ka dakata da gyaran ɗaki.

Taka,
Salamatou


11 ga Sha'aban

Yayana,

Ina gaishe ku, Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka ci gaba da gyaran ɗakin. Baba yana tafe ranar Asabar.

Ya hana a soke takardar. Abdulghani ya roƙe shi, Nawaf ya roƙe shi, ni na durƙusa ina kuka na riƙe ƙafarsa. A nan ne ya yi mini magana karon farko. Ya ce ya yafe mini tun ranar, ya san tsoro ne ya sa ni. Amma ya ce jirginsa ya sauka, Karantina babu, shi kuma tun daga ranar nan duk lokacin da na ɗauki makulli zan fita sai ya ji gabansa ya faɗi. Ya ce ba ya so ya ƙarasa kwanakinsa yana tsoron 'yarsa. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Nawaf ya bi waɗanda suka sayi hoton, ya tattaro guda ɗari da sha ɗaya. Sauran sun yi nisa, wasu har ƙasashen waje, haka za su zauna da gurbin fari. Kwana uku Baba ya yi yana sa hannu a kan tabarma, da fensir, da irin rubutun allon nan nasa mai manyan baƙaƙe. Kowane sai ya yi bisimilla, ya hure takardar, sannan ya rubuta. Ni ce mai fiƙe fensir. Wani ya turo cewa a bar masa nasa yadda yake, wai ya fi daraja a haka. Baba ya yi dariya har da tari.

Sun ba shi lamba ta ɗaya. Ya sa mata hannu ya miƙo mini, ya ce in rataye a inda zan riƙa gani. Abdulghani ya saka ta a firam, na ce ya kafa mini ita a jikin bangon ƙofar fita, saman ƙusar da nake rataye makulli. Gwangwanayen ma ya bar mini, ya ce nauyi.

Ga maganinsa na hawan jini cikin aljihun jaka, ɗaya da safe. Ba ya shan shayi da sukari. Abu ɗaya nake roƙonka, Yaya, ka kuma gaya wa Safia da maƙwabta. Idan gari ya waye ya fita kansa a sunkuye, ka bi shi daga nesa saboda 'yan babur, amma kada ka kira shi. Ka nema masa gwangwani babba, na san titunan Maradi ba su rasa tsakuwa ba. Ƙofar zauren kuma, in tana da kwaɗo, ka cire shi kafin ya iso.

Ki gaishe mini da yara, Safia. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Salamatou Bawa