Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Gwandu. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Ina fatan Anti Hadiza da yara suna lafiya. Inna ma ƙafar da sauƙi.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba kan waƙoƙin begen marigayi Baba, waɗanda ka juye daga kaset zuwa tsohuwar kwamfutarka. Na kwashe su a filashi na zuba a sabuwata. Sunayen duk sun fito, amma ko ɗaya ba ta buɗe ba. Mai gyara a Kalgo ya ce, "Malama, manhajar da aka naɗe su da ita kaɗai ke karanta su. A mayar da su MP3 cikin tsohuwar tun tana numfashi." Manhajar kuwa tana kunna su, amma ta ƙi mayar da su sai da lambar sirrinka, ga kwamfutar ta fara gurnani tana mutuwa da kanta.

Kada ka ce a koma ga kaset. Tun da ka ce an gama juyewa, Kawu ya binne su bayan masallaci, saboda akwai sunan Allah a ciki.

Jiya Jumma'a na kunna wa Inna waƙoƙin a tsohuwar kwamfutar kamar kullum, sai muryar ta ɗauke a tsakiyar baiti. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Haka ya yi ranar da ya rasu."

Don Allah ka tuno lambar, ka sa mu a addu'a. A gaida kowa. Ban sani ba ko kwamfutar za ta kai wata Jumma'ar.

Ƙanwarka,
Saratu