Madara a Ruwan Asibiti

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da teburin shayinka. Direba ne zai kawo maka wannan, don in na kira ka a waya sai ka yi ta "iye? iye?" har kati ya ƙare.

An sa ranar aikin gwiwata, Laraba ta sama. Za su cire wadda ta cinye, su sa ta ƙarfe. Wata nas ta ba ni kwalabe na wani ruwa garai-garai mai ɗan zaƙi, wai in sha da yamma, in ƙara da safe awa biyu kafin a shiga da ni. Na ce mata ni dai na san da yunwa ake shiga tiyata. Ta ce an daina wahalar da tsofaffi haka, ruwan nan yana riƙe jiki, mutum ya farka ba a galabaice ba. Na ɗanɗana. Malam, ruwan wanke cokulanka ya fi shi daɗi.

Auta tana kula da ni, ba laifi. Amma gidanta shiru kamar ba mutane. Da safe nakan kasa kunne in ji ƙarar kofunanka, sai in ji ta firji. Ina kewar gida, ina kewarka. Na faɗa, ko da za ka yi mini dariya.

Ka huta lafiya,
Tsohuwarka.

*

Zuwa ga Tsohuwa,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, saƙonki ya iso, kuma ban yi dariya ba. Gefenki na gado yana nan yadda kika bar shi. Masu shan shayi suna gaishe ki, wai tun da kika tafi hannuna ya yi nauyi a sukari.

Ruwan zaƙi ba madara? Wane irin asibiti ne wannan? Shekara da shekaru ina sana'ar nan ban taɓa miƙa wa baƙo kofi tsirara ba, balle matata. Ga gwangwanin madara nan na ba direba, irin wadda kike so. Ki ɗumama ruwan nasu, ki zuba, ki yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi sai ya yi kumfa.

Na so in zo, to amma wa zan bar wa tebur? Ki daure, saura kaɗan ki dawo ki ci gaba da yi mini faɗa.

Allah ya ba da sa'a,
Malam.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. An fasa aikin Mama.

Har an sa mata rigar tiyata, likitan da ke sa barci ya tambaye ta me ta sha. Ta ce ruwansu, da madarar maigidanta. Ya ce madara kamar abinci take, tana daɗewa a ciki, in mutum ya yi barci tana iya tasowa ta shiga huhu. Layi ya cika, ba za a samu wuri ba sai wata mai zuwa.

Baba, don Allah don Annabi, kada ka ƙara aiko da komai. Tun da muka dawo tana zaune bakin taga, ko abinci ba ta ci.

'Yarka,
Auta.

*

Malam,

Ina gaisuwa. Na san Auta ta rubuto maka da zafi, kada ka sa a ranka. Laifin ba naka ba ne. Nas ta gaya mini sarai ban da madara, har tana ɗaga mini yatsa. Na sani na zuba.

Ba so na yi a fasa ba, wallahi. Da gari ya waye na riƙe kwalbar nan. Na ce in ban farka ba fa? Ashe abin da zan sha na ƙarshe a duniya ruwan da ba hannunka a ciki ne? Na ɗauko kofi biyu na yi ta juyawa yadda kake yi. Bai yi kumfa kamar naka ba, amma na shanye.

Ga shi na ƙara wa kaina wata guda. Gwiwar tana ciwo, amma ba ita ce ta fi damuna ba. Tsoro nake ji, Malam. A gaban Auta ina daurewa, don yarinya ce. Kai ne kawai nake iya gaya wa.

Taka har kullum,
Tsohuwa.

*

Tsohuwa,

Gaisuwa a taƙaice, direba yana ta danna mini oda.

Na kife kofuna, na ɗaure benci. Duk mai son shayi ya nemi wani. Ina tafe a motar jibi, kuma ba zan dawo ba sai da ke. Ranar aikin ni zan buɗe kwalbar, ni zan zuba, ni zan miƙa miki, ba ko ɗigon madara.

Ki bar zaman taga, ki ci abinci. Ki ce wa Auta ta nemo mini kujera kusa da gadonki.

Sai na iso,
Malam.