Buhun Albasa Ma Yana da Shaida

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke tsara dokar kuɗin intanet,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni dillalin albasa ne a Boɗinga, ɗan dillalin albasa. Manoman Dingyaɗi da Mandera suna sauke mini kayansu su juya gida, ba takarda, ba rantsuwa. Wannan yardar ce jarina, kuma ita nake karewa.

Na farko. Mai sayen kayana a Gana ya gaji da wahalar canji, ya nemi ya riƙa biyana da kirifto, wato kuɗin intanet. Na tambayi ma'aikacin banki ko doka ta yarda. Ya ce jiya an hana, yau an ce an bari, shi ma bai sani ba. Na karɓa, wani mai canji yana mayar mini da shi naira.

Na biyu. Bara, ana tsakar cirar albasa, aka rufe asusuna na banki, wai ana zargin wanda ya yi mini canjin. Da na je bin ba'asi, wani ma'aikaci ya tambaye ni a gaban jama'a ko ni ma na shiga damfara. Ni, da furfurata! A layin akwai mutanen garinmu, kafin in iso gida magana ta riga ni. Wallahi na ji zafi. Amma na sayar da shanun huɗata na sallami kowane manomi a makon, kuma ina alfahari da haka.

Na uku. A kasuwarmu kowane buhu yana da shaidar mai shi. In ruɓaɓɓiya ta fito, mun san ƙofar da za mu buga, ba ma kama duk wanda ya taɓa buhun. Mu da ba mu yi boko ba muka tsara wannan. Ku fa?

Ina roƙon ku sa wa masu canjin kirifto shaida, a karanta sunayen amintattu a rediyo da Hausa. Kada a rufe asusun mutum ba a ji ta bakinsa ba. Wanda aka gano ba shi da laifi kuma, a wanke shi a rubuce.

A fara da ni. Da aka gano ba ni da laifi, an sake buɗe asusun a ɓoye, alhali a bainar jama'a aka ci mutuncina. Bana manoma uku da iyayensu suka yi hulɗa da mahaifina sun wuce rumfata da kayansu, sun gaishe ni daga nesa. Takarda mai hatimi nake so, in manna a ƙofa su karanta.

Allah shi yi maka jagora, shi tsare maka sunanka.

Wassalam.

Ummaru Maialbasa, Boɗinga